Na Ƙarshen Layi a Dutsen Aburi

"Ban yarda ba, Shamima! Ban yarda ba sam!"

Baba Maman ya dangwarar da kofin kokonsa har ya fantsalo a tabarma. Shamima ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

"Baba, ko ganinsa fa ba ka yi ba..."

"Na ga hoto! Gwaggonki Abiba ta nuna min a waya. Mutum talatin sun hau dutse, shi yana can ƙarshen layi kamar wanda aka manta. Namiji a baya! Shi zai riƙe min 'ya?"

"Aikinsa ke nan a ƙungiyarmu ta masu hawan dutse, Baba. Akwai mai jagora a gaba, akwai mai tsaron baya. Sauran ranaku kuma koyarwa yake yi a wata makaranta a unguwar Kotobabi."

"A hau dutse a sauko, ba a ɗauko komai ba! Mu mun baro daji mun zo Accra, ku kun gama jami'a kuna komawa daji."

Sau biyu manyan Wahab, saurayin nata, suna aikowa a sa musu ranar kawo goro, sau biyu Baba yana cewa ba yanzu ba. Ta san in aka yi na uku, kunya ba za ta bar su su sake aikowa ba. Ta kuma san ba hoton ne ke cin mahaifinta ba. Tun rasuwar Mma, mahaifiyarta, shekara biyu da suka wuce, ƙafarsa ba ta wuce masallacin layinsu a unguwar Maamobi ba. Yayyenta maza, ɗaya na Kumasi, ɗaya na Italiya. Ita kaɗai ta rage.

"To ka zo ka gani da idonka," ta ce can ƙasa-ƙasa.

"Zan zo kuwa!"

Ba ta zaci zai amsa ba.

Ranar Lahadi bayan asuba Baba ya fito da farar babbar rigarsa ta shadda wadda ta sha guga, da hula, da takalmin fata na zuwa Juma'a, yana ƙamshin turare.

"Baba! Dutse fa za mu hau..."

"Da tsumma kike so in je binciken mai neman 'yata?"

A gindin dutsen Aburi, inda motar haya ta trotro ta sauke su, Wahab ya durƙusa har ƙasa ya gaida shi. Ya dubi takalmin, ya dubi Shamima. Wa zai ce wa surukin gobe ya yi shigar da ba ta dace ba? Sai da Baba ya juya ya raɗa mata, "Kwantar da hankalinki, rabin raina. Bar min shi."

Hanyar 'yar siririya ce, ta ratsa gonakin rogo da ayaba, jar ƙasarta na santsi saboda ruwan jiya. Kafin rabin awa muryoyin sauran sun ɓace a sama. Baba na haki, gumi ya jiƙa wuyan rigar.

"Ki wuce gaba! Na ce ki yi gadina ne?"

Ta wuce, amma ba ta yi nisa ba. Ta laɓe a kwana, inda take jin su.

"Baba, don Allah, wannan ƙaton itacen..." muryar Wahab ce. "Yaya sunansa da Hausa?"

"Rimi ne mana! Kai ɗan daji ba ka san rimi ba?"

"Mu 'yan birni, haihuwar Nima, ai sai a hankali, Baba."

Baba ya dafa itacen, ya shiga ba shi labarin yadda suke tsintar audugar rimi a ƙauyensu kusa da Salaga, uwarsu tana cusa musu matashi da ita. Kafin ya gama, numfashinsa ya dawo daidai.

Idon Shamima ya ciko. Haka Wahab ya yi mata ranar hawanta na farko, lokacin da ƙafafunta suka yi nauyi, kunya ta hana ta faɗa. Bai ce ta huta ba. Tsayawa ya yi yana tambayarta abin da ta karanta a jami'ar Legon, kamar duk duniya ba abin da ya fi son ji. Sai bayan wata uku ta gane ba ya taɓa ce wa kowa ya huta.

Suka ci gaba. Maɗaci. Ɗorawa. Wani tsuntsu mai jan ido da Baba ya rantse rabonsa da jin kukansa tun yana yaro.

Ana cikin haka igiyar takalmin Baba ta tsinke. Wahab ya durƙusa yana kwance nasa.

"Me kake yi? Tashi!"

"Baba, tun safe yake matse ni, wallahi taimakona za ka yi."

"Kada ka yi rantsuwa a kan ƙarya, yaro."

"To na janye wallahin... amma takalmin yana nan."

Shamima ta toshe baki kada dariyarta ta fito. Da ta leƙa, sai ga mahaifinta da takalmin hawa dutse a ƙarƙashin shadda, ya naɗe hannayen rigar a kafaɗa, Wahab na biye da shi a taku biyu, ya ɗaure tsinkakken takalmin da zare yana jan sa.

Sun iso sama awa guda bayan kowa. 'Yan ƙungiyar suka tashi da tafi. "Cale, Alhaji ya yi ƙoƙari paa!" wani ya ce wa abokinsa da irin maganar 'yan Accra. Ba wanda ya buɗe abincinsa, su ake jira.

Baba bai kula su ba. Ya tsaya bakin dutsen yana kallon Accra shimfiɗe a ƙasa, teku kamar zare a ƙarshenta.

"Ina Maamobi?"

Wahab ya nuna da yatsa.

"'Yar mitsitsiya haka?" Ya girgiza kai. "Shekara arba'in da biyar ina cikinta..."

Ya juyo ga 'yarsa. "Shamima, yaron nan bai faɗa min gaskiya ba."

Ta dubi Wahab.

"Ya san rimi, ya san maɗaci. A gindin dutse na ji shi yana koya wa wani sunayensu. Sau bakwai ya tsayar da ni, kuma duk daidai lokacin da ƙirjina ke neman fashewa."

Wahab ya sunkuyar da kai. "A yi min afuwa, Baba."

"Uwarki ma haka take min a Arfa. Sai ta ce ita ce ta gaji." Ya mai da kallonsa ga birnin. "Kowa ya yi gaba, Shamima. Uwarki ta yi gaba, yayyenki sun yi gaba. Na ce ke ma in kin tafi..."

"Baba!" Ta kama hannunsa, hawaye na zubo mata. "Ina zan je in bar ka?"

"Ɗakin da na kama a layin bayanku yake, Baba," in ji Wahab a hankali. "Tun bara. Shamima ce ta ce in ba nan ba, ba za ta iya ba."

Baba ya dubi 'yarsa kamar yau ya fara ganinta. Ya share fuska da gefen rigar da ta koma ja da ƙasa, ya dubi ƙafar Wahab, inda zaren ya yanke shi har jini ya fito.

"Ka ce wa manyanka su kawo goro ranar Lahadi."

Shamima ta rufe fuska da mayafi, kuka da dariya suka haɗe mata.

"A'a, tsaya," Baba ya ɗaga hannu. "Su zo Asabar. Lahadi muna da hawa. Takalmin nan kuma ka nemi wani, ya zauna min daidai."