Ranar da Baba Mai Aski Ya Yi Shiru

Ranar da saurayin ya fara shiga shagon kwafin takardu inda Auta take aiki, da tarin jaridu a hammata ya shigo.

Ta ce, "Sayarwa kake yi?"

Ya ce karantawa yake yi. Nan take ta raɗa masa suna Jarida, shi kuwa ya shiga nemo takardun da ba sa bukatar kwafi, don dai ya dawo.

Sai da soyayya ta yi nisa ya gaya mata an kira shi intabiyu a hukumar leƙen asiri ta gwamnati, aikin nazarin bayanai. "Haskena, ke kaɗai kika sani. An ce kada a yayata."

Ita ta zama mai yi masa gwaji. Takan ɗauko labari ɗaya daga jaridu masu saɓa wa juna, ta ɗaure fuska ta ce, "Wanne ka yarda da shi, kuma don me?" In ya yi in-ina ta ce ya faɗi, ya tashi ya sake sallama.

Matsalar ɗaya ce: Baba. Mahaifin Auta mai aski ne, almakashinsa yakan huta amma bakinsa ba ya hutawa. Ya ce ba zai ba mai zaman karanta jarida 'yarsa ba, ga ɗan mai kantin magani yana ta aiko manya. Ran Auta ya ɓaci, kafin ta ankara ta zayyane wa Baba komai.

Tun daga nan abinci ya daina wuce mata. Ta san in maganar ta shiga shagon aski, aikin ya tafi, kuma ita ce sila.

Saƙon Jarida ya shigo: "Jibi ne, Haskena. Ki yi min addu'a. Ban taɓa yarda da kowa kamar ke ba."

Ta rubuta masa: "Na gaya wa Baba. Na ci amanarka. Ka yafe min."

Amsar ta daɗe kafin ta zo: "Na gani."

Bayan intabiyun, wata rana ta kai wa Baba abinci, ta tarar da baƙo a kujera, kansa ko alamar bukatar aski babu. Hira yake ja a kan Jarida. Nan take ta gane mai bincike ne daga hukumar.

Baba ya ce, "Yaron kirki ne, yana gaida mutane."

Baƙon ya ce, "Wane aiki yake nema ne?"

Baba ya ci gaba da ƙwas-ƙwas da almakashi. Can ya ce, "Ɗan sunkuyar da kai." Bai ƙara komai ba, har wani a benci ya tambaya ko lafiya.

Baƙon na fita Auta ta fashe da kuka. Baba ya karɓi kwanon ya ce, "Tun ranar nake ganin idonki, 'yar nan. Na iya shiru, ban dai taɓa samun abin da ya kai in yi a kansa ba."

Da yamma saƙo ya zo: "An ɗauke ni. Sun tambaye ni wa ya sani, na ce mutum biyu, bincikensu ma biyun ya samu. Na yi fushi, amma ya wuce. Ki ce wa Baba iyayena na tafe."

Ranar ɗaurin aure Baba ya dafa kawunansu ya ce Allah ya yi musu albarka, ya rufa musu asiri. Wani abokinsa ya matso yana tambayar ina ango yake aiki.

Baba ya kalli Auta, ya gyara zama ya ce, "Jarida yake karantawa."