Giwar Tawul a Ɗakin Madam Bramble

Jirgin yawon shaƙatawa na tsayawa a tashar garin Castries, Madam Ottoline Bramble ta ɗaga murya cewa an sace mata sarƙar zinari. Ba ta yarda da akwatin ƙarfen ɗaki mai lambar sirri ba, don mantuwar lambobi ke gare ta. Sai ta riƙa cusa sarƙar cikin tawul ɗin da ake naɗa mata da siffar dabba kan gado kullum.

Nan take aka ce ai Philomene ce, mai gyaran ɗakin. Abin da ciwo, domin duk wanda aka sauke daga jirgi da sunan sata, babu jirgin da zai sake ɗaukarsa.

Wani ɗan sanda, Saje Cuthbert Augustin, ya hau jirgin cikin nishaɗi, yana ƙarasa cin burodin kwakwa. Ya fara bincike da mai gyaran famfo, wanda shi ma yakan shiga ɗakin, aka tabbatar yana wajen atisayen kwale-kwalen ceto duk safiyar. Saura Sista Eudora, ƙawar Madam ta coci, wadda suke ɗaki ɗaya. Ita kuwa ta ce tana bakin wurin iyo, ko gadon ba ta kalla ba.

Saje ya dubi giwar tawul da ke zaune kan gado, hancinta a karkace.

"Philomene, aikinki ne wannan?"

"Haba Saje, kunkuru na naɗa yau. Wannan ai ko ɗan koyo ya ji kunya."

Ya kira jami'ar nishaɗi ta jirgin ya tambaye ta me ake koya wa fasinjoji a darasin naɗa tawul. Ta ce giwa kaɗai, ita ce mai sauƙi, kuma jiya Sista Eudora ce a sahun gaba.

Saje ya juya a hankali. "Sista, ma'aikaciya in ta warware kunkuru, kunkuru za ta mayar. Ke kin warware, kin rasa yadda za ki yi, sai kika naɗa abin da kika iya."

Eudora ta ce aro ta yi niyya, don liyafar kyaftin ɗin jirgin. Sarƙar ta fito daga jakar kayan wankanta.

Madam Bramble ta kama hannun Philomene tana ba ta haƙuri, har da hawaye. Philomene ta yi ajiyar zuciya ta ce ya wuce. Sannan ta nemi izinin sauka, don nan ne garinsu, uwarta na tsaye a bakin tasha tun safe, da tukunyar ayaba da kifi.