Kaluluwar Wuyan Khaulat

"Duba da kyau, Gwaggo!"

Khaulat ta zame mayafinta, ta karkata kai. Kaluluwar wuyanta ta yi suntum kamar ƙwan zabo, har ta fi yadda take kafin ta fara shan maganin tarin fuka.

Gwaggo Tambaya, wadda dangin Lukmanu suka turo ta dubo jikin yarinyar kafin a sa rana, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi... Ashe gaskiyar Sa'a maƙwabciyarku ce! Ta ce a kanal ɗin ban ruwa kike watsar da ƙwayoyin."

"Sa'a ai Lukmanu take so, Gwaggo, ba lafiyata ba."

"To maganin ne bai karɓe ki ba. Ki bar shi a nemo na gida, in ba haka ba mun fasa!"

Ko idon Khaulat bai yi rau-rau ba.

"Ba zan bari ba. Sai dai a fasa ɗin..."

Sallamar Lukmanu ce ta katse su. Daga fadamar shinkafa yake, taɓo har gwiwa, ya kuma jiyo ƙarshen maganarsu.

"Gwaggo, kullum a gabana take haɗiye maganin kafin in je ban ruwa. Taso mu je asibiti ki ji da kunnenki."

A asibitin Kura aka sake gwada majinarta, aka ɗora ta a sikeli. Sista Roda ta dubi sakamakon ta yi murmushi.

"Mama, tari ya tsaya, ga ƙiba ta fara. Jikinta ne ya farfaɗo yake kokawa da ragowar cutar, shi ya sa wajen ya tashi. Yakan faru. Zai sace, muddin ba ta tsallake magani ba."

Gwaggo ta juyo tana kallon yarinyar da ta yi watanni tana fama da tashin zuciya da tsegumin unguwa, ba ta taɓa kai kuka gidan kowa ba.

"Ja'ira mai taurin kai!" ta ce, tana dafa kafaɗarta. "Bana da an yanke shinkafa za a ɗaura aure. Daga gobe kuma ni zan riƙa ba ki maganin da hannuna."

"Haba Gwaggo!" in ji Lukmanu. "Ni kuma da wace hujja zan riƙa zuwa ganin sahibata da sassafe?"

Khaulat ta harare shi, dariya na cin ta.

"Ka riƙa ɗauko Gwaggo a babur mana, malam!"