Kayan Nan Su Isa Gobe

Kwana uku direban tirela bai runtsa ba. Da magariba manaja ya sake kira: "Kayan nan su isa gobe, ko ka ajiye makulli."

Ya jefar da wayar yana zagi. A bakin wata gada ya ɗauki wani mutum mai rigar kamfaninsu.

"Ɗan'uwa, jakuna suka mayar da mu!" in ji direban. "Suna kwance a gidajensu, mu ko gyangyaɗi haramun ne."

"Ni ma haka ya ce min," baƙon ya amsa, muryarsa kamar daga rijiya. "Ban tsaya ba."

Ƙaurin taya ya cika motar. Direban ya kalli ƙasa. Ƙafafun mutumin sun ƙone ƙurmus, ta dama tana ta taka birkin da babu shi.