Abin da Kwamfuta ta Ɗauko a Bakin Kanal

Ana gab da magariba Mudassiru ya jingine babur a jikin ɗakin injin ƙungiyar manoman rani, can bayan Bunkure. Aikin kwamfuta yake yi, shi ya haɗa musu wadda ke ɗaga ƙofar ruwa tana saukewa, yau kuma ɗan gyara ne ya kawo shi. Baba Dattijo mai gadi ya miƙa masa makulli yana naɗe ƙafar wando.

"Ɗan nan, zan shiga kanal in sare ciyawar kachalla. Kada ka sako mini ruwa."

"Haba Baba! Ni da na haɗa ta?"

To, ita manhajar da ke cikin kwamfutar ba ta iya magana da injin da kanta. Duk sanda aka kunna ta sai ta tambayi inda za ta ɗauko wani ɗan fayil, shi ke ba injin umarni. Inda ka nuna mata nan za ta je, abin da ta tarar shi za ta ɗauka, ba ruwanta da wanda ya ajiye. Mudassiru ya laluba aljihu, wayam! Filashin da fayil ɗin yake ciki yana gida a Kumbotso, a wata rigar. Ganda ta hana shi komawa, ya ce mata ta nemo ko daga ina ne. Kai, son sauƙi bai yi ba.

Ta kuwa nemo. Wani wuri ne a cikin kwamfutar wanda bai taɓa gani ba, ko suna babu. Ya danna, ta ɗauka.

Ɗakin ya gauraye da warin laka da ruɓaɓɓen ganye. Kwaɗi suka yi tsit. Maɓallan kwamfutar suka jiƙe a ƙarƙashin yatsunsa, sanyi ƙalau.

Sai ƙarfe ya yi ƙara a waje. Ƙofar ruwa ta fara ɗagawa.

Ya danna wajen tsayarwa, ko gezau. Ya fizge wayar wuta, allon bai mutu ba. Ya kashe injin ɗungurungum. Ƙofar na ta hawa a hankali, kamar da hannu ake ɗaga ta.

Ta taga yana hango Baba Dattijo, ya ba da baya, yana ta sara abinsa.

"Baba, fito!" Ko shi kansa bai ji muryar ba.

Ya ja ƙyaure, ya ƙi. Ruwa ya tsattsafo ta daɓe, ya rufe idon sawunsa. Tsoro ya kama shi.

Wani ya yi raɗa dab da kunnensa: "Kai ka ce ko daga ina ne."

Ya kama Ayatul Kursiyyu, ta kuɓuce masa. Ya sake kamawa.

Ruwan ya kai ƙirjinsa.

Ya leƙa taga. Babu Baba Dattijo.

Da kafaɗa ya ɓalle ƙyauren, ya faɗa waje yana aman laka.

Washegari makiyaya suka tsamo gawar Baba Dattijo can ƙasa, wajen gonakin tumatir. Kowa ya ce inji ne ya lalace. Manoma suka cire kwamfutar, suka koma murɗa ƙofar da hannu. Ranar addu'ar uku Iya Sa'a, matar marigayin, ta sa aka kira mata Mudassiru.

"Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Kullum cewa yake, in dai kana ɗakin nan hankalinsa a kwance yake."

Ta turo masa kwanon tuwo. Ya zauna yana kallonsa har ya huce.