Layi Huɗun da Ramlatu Ta Goge

Da la'asar sakaliya Ramlatu ta bar Damagaram a kan moto, ɗan babur ɗinta, kwamfuta a goye, ranta a ɓace. Sau uku ke nan a mako guda famfon wani ƙauye bayan Tirmini yana mutuwa, kuma kullum da magariba. Jibi za ta tsaya gaban malamanta ta kare aikin da ta kashe shekara biyu a kansa, kuma akwatin da ke tada famfon nan shi ne aikin. In bai aiko mata da bayanan ruwa ta waya ba, ba ta da abin nunawa.

Allon lantarkin da ke cikin akwatin bai kai tafin hannu ba, ƙwaƙwalwarsa kuwa ko ta ƙadangare ta fi ta. A nan ta cusa wani inji na rubutu zalla, tafinta mai karanta umarninta na yaren Python yana faɗa wa allon layi-layi. Tafintan ya cinye kusan duk wurin, ya bar mata ɗan lungu.

Tun farko Baba Ɗanƙarami mai gadin famfon, tsoho mai kan dutse, ya kafe sai an riƙa zubar da guga ɗaya a ƙasa da magariba, rabon masu wurin, kamar yadda ake yi tun zamanin tsohuwar rijiya. Don ya sarara mata ta rubuta layi huɗu masu yin haka. Makon jiya ta rasa inda za ta sa sashen aika bayanai, sai ta goge su. Wa zai tsaya ɓarnar wuri a kan tatsuniya?

Ta tarar da tsohon a gindin famfon.

"Kin hana su ruwansu, ƴata," in ji shi a hankali.

"Baba, don Allah rabu da ni. Ƙwaƙwalwa ce ta cika."

"Wa ya cika ta?"

Bai jira amsa ba, ya ɗauki butarsa ya nufi masallaci. Matan da ke jira da bokitai ma suka watse. Haushi ya turnuƙe ta.

Ta buɗe akwatin ta jona kwamfuta. Sauran wurin da ke cikin ƙwaƙwalwar yana raguwa a gaban idonta, alhali ba abin da ta sa. Ta kira mai shara, sashen tafintan da ke kwashe duk abin da ba a amfani da shi. Ya dawo hannu rabbana. Wai komai da mai riƙe da shi.

"Ƙarya kake," ta ce wa allon, ta fizge wayar batir.

Ƴar koriyar fitilar da ke jikin allon ba ta mutu ba.

Nan ta ji warin danshi, irin na laka a ƙasan rijiya. Rabon garin da ruwan sama wata biyar. A bayanta igiya ta soma gogar itace, ƙiii, ƙiii. Tsohuwar rijiyar kuwa an daɗe da rufe ta da siminti.

A kan kwamfutar, inda tafintan ke jiran umarni, harafi ya fito. Wani ya biyo shi. Hannayenta suna kan cinyarta.

Layukanta ne huɗu, har da ɗan kuskuren da ta yi a na uku.

Tafintan ya amsa: babu wuri.

Aka sake rubutawa, da sauri. Babu wuri. Aka sake. Maɓallan suna lotsawa da kansu, ana dukansu kamar ana dukan ƙofa. Akwatin ya ɗau zafi, roba ta fara ƙauri.

Maƙogwaronta ya bushe ƙamas. Ta laluba gorar ruwanta, wadda ta cika a tasha. Ko ɗigo babu.

Wani numfashi mai sanyi ya sauka a wuyanta.

"Matsa mana," aka raɗa.

Hannu jiƙaƙƙe ya kama wuyan hannunta. Bai ja ta ba. Ya ɗora yatsanta a kan maɓalli, ya tsaya yana jira.

Abu ɗaya ne ya rage da za a iya cirewa, sashen aika bayanan. Aikinta. Tsoro ya cika ta, amma baƙin ciki ya fi.

"Allah ya isa," ta ce can ƙasa-ƙasa.

Ta goge.

Layukan huɗu suka shige. Famfon ya yi gurnani ba batir, ya amayo guga ɗaya. Ruwan bai taɓa ƙasa ba. Sai dai ƙarar haɗiya, ƙwat, ƙwat, ƙwat.

Hannun ya sake ta. Ba ta san yadda ta hau moto ba. A Tirmini ta gane takalmi ɗaya ne a ƙafarta.

Ranar kare aiki ta tsaya gaban malamai hannu wofi, suka ce ta dawo baɗi. Famfon kuwa bai ƙara mutuwa ba, har masu zuwa daga garin Dogo suna yaba aikinta, ita kuma ta ji kamar ta shaƙe su.

Yanzu duk allon da ta haɗa sai ta bar wani lungu na ƙwaƙwalwarsa ba komai, kuma wanda ya tambaye ta dalili ya sha masifa. Da safe takan duba lungun. Ba kullum take tarar da shi wofi ba.