Saurayin da Ke Magana da Agwagwa

A zamanin da wayar hannu ke da maɓallai, wata rana Auta ta hau bene karɓar ɗinki. Tela kuwa, kamar yadda teloli suka saba, ya kulle shago ya yi layar zana. Tana zaune a matakala tana cika tana batsewa, sai ta ji murya daga ɗakin da ke gefe.

"Ki saurare ni, don Allah. Ke kaɗai ke haƙuri da ni."

Auta ba ta iya ganin abu ta kau da kai ba. Ta leƙa. Wani dogon saurayi ne a duƙe gaban tsohuwar kwamfuta mai gurnani, yana nuna wa 'yar agwagwar roba yatsa.

"Ta amsa kuwa?" in ji Auta.

Ya zabura har gwiwarsa ta bugi tebur. "Ba ta taɓa ba. Shi ya sa muke shiri."

Dogo ake ce masa, manhaja yake rubutawa. "Umarni nake jera wa kwamfuta, layi bayan layi," ya ce. "Ba ta da wayo ko kaɗan. Abin da na faɗa take yi, ba abin da nake nufi ba. In aiki ya cije, sai in yi wa wannan bayani tun daga farko. Kafin in kai ƙarshe, na ji kuskuren da kunnena."

Rabin maganar ta wuce Auta, amma idonsa bai wuce ta ba. Daga ranar ɗinki bai ƙare mata ba, har tela ya fara mamakin yawan kayanta.

Saƙonni suka yi ta kai-komo.

"Zumata, yau na gyara abin da ya hana ni cin abinci. Saura ke da kika shige mini kai, kuma ba na neman gyara."

"Dogona, je ka gaya wa agwagwarka."

Da magana ta kai gida, Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ce sai ta ga yaron da idonta. Ta hau benen nan tana nishi, ta sauko da gudu, sai wajen Baba.

"Yaya, yaron nan akwai motsi a kansa! Na same shi yana roƙon abin wasan yara. Har rantsuwa yake yi masa!"

Baba tsohon mai gyaran agogo ne. Tun rasuwar Inna, Auta ce kaɗai hasken gidansa. Ya sa aka kira Dogo, ya zo ya durƙusa, zufa na keto masa. Tsoro ya sa ya dinga zubo manyan kalmomi har shi kansa ya ɓata a ciki.

"Tsaya, yaro. Abin da kake ƙerawa, ana taɓa shi da hannu?"

"A'a, Baba."

"To, iska kake sayarwa ke nan."

Ga kuma mai kemis na bakin titi, wanda ya daɗe yana aiko gaisuwa. Shi sana'arsa a fili take, ga kwalabe ga masu saye. Bai yi ƙasa a gwiwa ba wajen yaɗa labarin agwagwa, yana faɗa yana girgiza kai wai tausayi. Baba ya ce wa Dogo a'a, kuma a'ar Baba ba ta da ƙofar baya.

Auta ta rubuta tana hawaye: "Baba ya ƙi. Ba zan saɓa masa ba, kuma ba zan iya daina sonka ba."

Amsa ta zo: "Kada ki saɓa masa, zumata. Ni ne ban iya bayani ba. Zan jira."

Gida ya yi tsit. Auta tana dafawa tana sharewa, amma tsokana ta ƙare, dariya ta ɗauke. Baba yana kallo, abin yana cinsa. Ran nan da hantsi ya ɗauki sandarsa. "Sa mayafinki, ki kai ni."

Suka tarar da Dogo ya rame, ido ya faɗa. Baba bai jira gaisuwa ta ƙare ba. Ya ɗauke agwagwar ya jefa a aljihu, ya ja kujera ya zauna.

"Abin da kake gaya mata, gaya mini."

Auta ta tsaya a bakin ƙofa. Dogo ya juyo ya fuskanci Baba.

"Baba, wani ƙaramin asibiti nake yi wa aiki. Kwamfuta za ta riƙa tuna wa marasa lafiya ranar komawa ganin likita. Na ce mata, duba mutum na farko. In ranarsa gobe ce, aika masa saƙo, ki wuce na gaba. To ga matsalar, wasu ba ta aika musu. Tana dubawa, ta wuce, ta duba, in ta zo kan wanda ba shi da..."

Ya dafe kai.

"Wanda ba shi da waya, sai lambar ɗansa! Ban gaya mata ta duba nan ba. Wayyo, ni ne. Laifina ne, ba nata ba."

Ya juya ga allon yana bugawa, ya manta da baƙo, ya manta da duniya. Auta ta rufe fuska, ta ce shi ke nan, an gama. Baba ya daɗe yana kallon yatsun nan, sannan ya ajiye agwagwar a mazauninta, ya miƙe.

Sai da suka sauka ƙasa ya yi magana.

"Auta, ban gane komai ba."

Hawaye suka zubo mata.

"Amma na ga mutumin da abu ya lalace masa, na'ura na gabansa ba ta da bakin kare kanta, ya ce shi ne mai laifi. Mazan da na sani masu iya faɗin haka ba su da yawa. Wannan ba zai wayi gari ya ɗora miki laifinsa ba. Ki ce ya turo manyansa."

Ta durƙusa nan bakin titi ta riƙe hannunsa tana kuka tana dariya.

Ranar ɗaurin aure Gwaggo ta fi kowa rawar kai, tana rantsuwa ita ta fara gano hankalin yaron. Duk wanda ya tambayi Baba sana'ar ango, sai ya gyara zama ya ce, "Babba ce. Ba za ka gane ba."

Shekaru sun ja, Baba ya riga mu gidan gaskiya. Amma har yau Auta tana jin ɗumin tafinsa a kanta, lokacin da ya haɗa hannunta da na Dogo, ya ce:

"Ga amanata nan, ɗana. In kun saɓa, ku zauna ku yi wa juna bayani tun daga farko. Allah Ya yi muku albarka."